Adireshin da Amarya Ba Ta Iya Faɗa

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, cikin tsakiyar bazara. Tun da hantsi hadari ya haɗo ta wajen Ƙonni, ya yi baƙi, ya yi cida, mata suka kwashe shanya, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Ya bar gari da zafin da ya fi na jiya. Raguna a turken Alhaji Dabo sun miƙe wuya ƙarƙashin rumfar zana suna haki. Maharazu kuwa yana zaune a kan buhun dusa da kwamfuta a cinya, yana kallon abin da ya fi komai faranta masa rai, wato sunan ubansa a saman Gugul.

Maharazu shi ne ɗan farin Alhaji, shi ne kuma ya fi ba shi ciwon kai. Ya bar sakandare bai kai ƙarshe ba, ya ce benci yana sa masa ƙaiƙayi. Ya yi kabu-kabu tsakanin gari da bakin iyaka, ya bari. Ya zauna teburin canjin sefa wurin kawunsa, nan ma ya bari, ya ce ba zai iya wuni yana kallon hanya ba. Wuri ɗaya ne ya taɓa riƙe shi, shagon abokinsa Abdulaziz da ke kusa da tasha, inda ake buga takardu ana gyaran kwamfuta. A can ya koyi haɗa shafin intanet, kuma shekaru uku da suka wuce ya haɗa wa ragunan ubansa nasu, ya sa masa suna dabomairago.com.

Da farko dariya Alhaji ya yi, ya laƙaba masa Injiniya. Sai wani mutumin Ikko da bai taɓa taka ƙasar Sakkwato ba ya ga hoton wani balami a waya, ya ce a ɗora masa shi a tirela. Daga shi sai abokansa, daga su sai na Ibadan da Fatakwal. Ya zamana duk wanda ya rubuta rago da Illela a Gugul, shafin Alhaji ne ke fara fito masa. Alhaji bai san yadda abin yake aiki ba, amma ya ba Gugul matsayi a ransa. Dillali ne, irin wanda bai taɓa gani a kasuwar kara ba, ba ya cin la'ada, ba ya roƙon goro.

Saboda dogaro da wannan dillali, bana Alhaji ya cika turke da raguna har da na baya, inda a da awaki ke kwana. Ya kuma yi alkawari a gaban matarsa Hajiya Baraka.

"Injiniya, in raguna ga sunka tahi duka kahin Sallah, turken baya naka na. Ka kafa naka kiwo."

Maharazu bai taɓa mallakar abin da ke tsayawa wuri ɗaya ba. Tun ranar yake zagaya turken nan yana auna shi da ido.

Masu saye daga kudu da Turanci suke kira, Turancin Maharazu kuwa iyakarsa gaisuwa da faɗin farashi. Shi ya sa da aka kawo masa amarya bayan ƙaramar Sallah ya ga Allah ya haɗa masa alheri biyu. Amaryar, Shahida, ta yi karatun malanta a Sakkwato, Turanci ya zauna a bakinta. Ya miƙa mata wayar kasuwanci tun lallen hannunta bai goge ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin turke da tsakar gida, don haka a ranar Lahadin nan yana jin lokacin da wayar ta yi ƙara. Shahida na zaune kusa da Hajiya suna tsintar shinkafa. Wani mutumin Fatakwal ne, yana so ta faɗa masa adireshin shafin ya rubuta wa wansa. Ta ce masa ya rubuta sunan maigidan, sai ya ƙara mairago. Ya ce to, mene ne sunan maigidan?

Shahida ta dubi Hajiya. Hajiya ta dubi shinkafa. Matar ɗa ba ta kama sunan surukinta ko ita kaɗai a ɗaki, balle a gaban matarsa. Ta ce wa mutumin sunan gajere ne, baƙaƙe huɗu kacal. Ya ce shi ba gasar kacici-kacici ya kira ba. Ta sassauta murya ta fara faɗin baƙin farko, sai Hajiya ta yi gyaran murya.

"Ko guntu-guntu kika hwaɗe shi, ɗiyata, kin dai hwaɗe shi."

Mutumin ya kashe wayarsa.

Maharazu ya shigo yana karkaɗe dusa daga wando. "Ki tura masa a rubuce mana."

"Yaya, da wane yatsa?" in ji Shahida. "Na gwada shekaranjiya. Na rufe ido na tura, ashe hoton kamunmu na aika wa wani mutumin Ibadan. Ya ce ya gani, Allah ya sa albarka, amma shi rago yake nema."

"To tallan murya da na ce ki yi mu sa a Wasaf?"

"Na yi. Da na zo kan adireshin sai na yi tari."

Da labari ya kai kunnen Alhaji bayan La'asar, daɗi ya kama shi. Ya ce a zamanin nan da yara ke kiran kowa da sunansa na yanka, shi Allah ya kawo masa yarinya mai kunya. Ba za a takura mata ba. A sake wa shafin suna.

Maharazu ya ce to a sa nasa, maharazumairago. Shahida ta sunkuyar da kai, don sunan miji ma ba ya faɗuwa. Hajiya kuwa, da tun ranar suna ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba, ta ce, "Wanga yana so gida duka shi koma na bebaye." Aka yi ta juya magana har aka tsaya a kan sunan da babu mai jin nauyinsa, ragunanillela.com.

Da nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma a cikin shafin akwai ƙananan shafuka, kowanne da adireshinsa, kuma Maharazu ya raba su ne da sunayen makiyayan da ake sayen raguna a hannunsu. Aka ce Shahida ta karanto su a ji ko akwai wani abin gyara. Ta karanta ragunan Jaɓɓo, ta karanta na biyu, da ta zo na uku ta yi tari.

"Wa na kuma?" in ji Hajiya.

Maharazu ya leƙa. Attahiru ne, wani makiyayi na wajen Gidan Katta. Sunan marigayi mahaifin Hajiya ke nan.

Hajiya ta ajiye faifai. "Wato shekara uku mutanen Ikko na kallon sunan Baffana a manne da rago?"

Nan take aka yanke cewa duk ƙananan shafukan ma a sake musu suna da irin ragon, balami, uda, yankasa. Babu adireshin da zai tsira.

Washegari Maharazu ya hau babur ya tafi shagon Abdulaziz. Abdulaziz ya saurare shi yana kwance wata tsohuwar na'urar buga takarda, bai ɗaga kai ba sai da ya gama.

"Ka bari sai bayan Sallah."

"Amarya ta daina ɗaukar waya."

"Ta ci gaba da tari, ai ba ya kisa. Ka ji, mutumina, Gugul bai san Alhaji ba, bai san ka ba. Adireshi ya sani. Shekara uku mutane na shiga wancan, suna tura wa juna, shi ya sa ya yarda da shi. Sabon nan baƙo ne, baya zai ajiye shi har ya ga halinsa."

"Babu dabara?"

"Akwai. Kada ka rufe tsohon. Ka bar shi a buɗe, ka saita shi ya riƙa miƙa mutane ga sabon, kowane ƙaramin shafi ga ɗan'uwansa. Wanda ya nemi ragunan Jaɓɓo ya tsinci kansa kan uda. Da haka Gugul zai gane ƙaura kuka yi, ba mutuwa ba, ya kwaso yardarsa ya biyo ku. Ko hakan sai ka ɗan girgiza. Shi ya sa na ce ka bari."

Jira ba ya cikin halin Maharazu. Kafin Juma'a ya gama kwashe komai, ya saita tsohon adireshi yana miƙa mutane yadda aka koya masa. Ya gwada, abin ya yi aiki sumul. Daɗi ya hana shi riƙe bakinsa.

Bayan sallar La'asar Alhaji kan shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, abokansa su taru. Cikinsu har da Bashar, wanda turkensa ke tsallaken hanya. Tare suka tashi da Alhaji, tare suke cin goro, kuma kowannensu ya san adadin ragunan ɗan'uwansa fiye da nasa. Bashar ma ya sa an haɗa masa shafi bara, sai dai kullum a ƙarƙashin na Alhaji yake fitowa. Maharazu ya durƙusa ya gaishe su, ya ba da labarin an kammala ƙaura.

"To tsohon hwa?" in ji Alhaji. "An rufe?"

"A'a, Baba, shi ne dabarar. Ka san in mutum ya tashi daga rumfa a kasuwa, yakan bar yaro a tsohuwar rumfar, duk wanda ya zo ya ce masa sun koma can, bi nan? To haka na saita shi."

Bashar ya ɓare goro a hankali.

"Tsohon shafin," in ji Bashar, "sunan wa ke gare shi?"

"Na Baba."

"Ashe Alhaji an samu aiki. Allah shi sa albarka. Wuni ake yi ko rabin rana?"

Dattawa suka kwashe da dariya. Wani ya ce a saya wa Alhaji 'yar kujera saboda tsayuwa. Fuskar Alhaji ta canja.

"Wato ni na yaron?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba, misali ne."

"Na yarda a ɗauke sunana don kunyar amarya, wanga girma na. Amma ban yarda a tsai da shi bakin hanya yana nuna ma mutane lungu ba. Ni da nika da yara huɗu a turke? Ruhe shi. Yanzu, gabana."

Maharazu ya yi magiya, ya ambaci Gugul, ya ambaci Sallah. Alhaji ya ce dillalin da ya san shi shekara uku ba zai ɓace hanyar gidansa ba. Ala tilas Maharazu ya buɗe kwamfuta a kan tabarma ya kashe tsohon adireshi. Ya yi tunanin ya mayar da shi a ɓoye idan ƙura ta lafa, amma Bashar ya toshe wannan ƙofa. Ya ɗaga wayarsa ya ce zai riƙa dubawa safe da yamma, don kare mutuncin amininsa.

Da farko babu abin da ya nuna. Sunan Alhaji na nan a saman Gugul, sai dai duk wanda ya danna shi sai ya faɗa farin fili da ɗan rubutu cewa ba a sami shafin ba. Sannan sunan ya fara zamewa ƙasa. Wata safiya Maharazu ya duba ya ga babu shi sam. Ya nemi sabon, ya wuce shafin farko na sakamako, ya wuce na biyu, ya same shi can a na huɗu, ƙarƙashin wani mai tallan maganin tsutsar awaki. A saman kuwa Bashar ne zaune.

Wayar kasuwanci ta yi shiru. Shahida ta iya sabon adireshin sarai, tana faɗinsa da Hausa da Turanci ba tari ko ɗaya, sai dai babu wanda za ta faɗa wa. Wata rana Maharazu ya same ta a ƙofar turke tana faɗa wa wani uda mai baƙin kai.

"Shi kaɗai ya tsaya ya saurara, Yaya," ta ce.

Raguna kuwa ba su san an yi ƙaura ba. Cin dusa suke, cin harawa suke, suna ƙiba. Tirelolin kudu suna tsayawa a tsallaken hanya, yaran Bashar na ɗora kaya suna waƙa. Alhaji ya sayar da abin da ya samu a kara ranar Lahadi da wanda dillalan gari suka kawo masu saye, amma turken baya ko igiya ɗaya ba a kwance ba. Ya ce dillalin nasa ƙila tafiya ta kama shi, zai dawo. Maharazu ya daina zagaya turken yana aunawa.

An ga watan Sallah da 'yan kwanaki sai ga babura biyu a ƙofar gida da hantsi. Dattawa uku suka sauko, a gabansu Malam Maccido, wani tsohon mahauci na Ƙonni da ya shekara ashirin yana sayen dabba wurin Alhaji. Fuskokinsu a sunkuye, ɗaya na riƙe da ƙullin goro. Maharazu ne ya tare su. Malam Maccido ya kama hannunsa da hannu biyu ya riƙe.

"Ya haƙuri, ɗana? Allah shi jiƙan shi, shi yi mai rahama. Mutumen kirki na."

"Wa, Baba?"

Kafin ya amsa suka shiga zaure. Alhaji Dabo na zaune a kan buzu, ƙwaryar fura a gabansa, ludayi a baki. Malam Maccido ya tsaya cak. Na bayansa ya ja da baya har ya taka takalman mutane.

"Maccido, lahiya?" in ji Alhaji. "Wa ya rasu?"

Sai da aka ba baƙin ruwa suka natsu kafin magana ta fito. Ɗan Malam Maccido da ke aiki a Yamai ne ya nemi shafin Alhaji don ya zaɓa wa ubansa ragon layya, ya tarar an rufe. Ya bincika ya gano sabon, ya ga hotunan turken da ya sani, amma babu sunan Alhaji ko'ina.

"To kai ka sani, Alhaji," in ji Malam Maccido, "ba a kankare sunan maigida daga ƙohwar shago yana da rai. In anka ga yara sun sake suna, an san abin da ya hwaru. Mu can Ƙonni har addu'a munka yi a masallaci."

Alhaji ya ajiye ludayi. Bai gama haɗiye wannan ba sai Shahida ta aiko a kira Maharazu. Wayar kasuwanci ce ta yi ƙara a karon farko cikin mako. Mutumin Ikko ne, wanda ya fara saye shekarar farko. Ya kira ne ya yi ta'aziyya. Ya ce shi da abokansa sun ji nauyin damun iyali da maganar ciniki a cikin makoki, shi ya sa bana suka saya wurin wani Bashar. Ya ce Bashar ɗin mutum ne mai tausayi, da suka tambaye shi labarin Alhaji cewa ya yi kawai sai haƙuri.

Maharazu ya dawo zaure ya isar da saƙon yadda yake. Alhaji ya daɗe yana kallon tsallaken hanya.

Malam Maccido ya ce tunda Allah ya sa da sauran kwana, shi dai har yanzu yana bukatar rago. Alhaji ya ɗaga hannu ba tare da ya tashi ba, ya nuna ƙaramar ƙofa.

"Bi ta nan, yara na turke. In uda kaka so, hannun dama."

Dattawan suka shige. Maharazu ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, abin da ka yi yanzu."

"Mi niy yi?"

"Sun zo wurinka don kai suka sani. Kana zaune, ba ka ko motsa ba, ka miƙa su inda kaya suke. Tsohon shafin ma iyakar abin da yake yi ke nan."

Alhaji ya dubi buzun da yake kai, ya dubi ƙofar, ya shafa gemu.

"Zaune shika yi ko tsaye?"

"Zaune, Baba."

"To wanga ai aikin maigida na. Mi ya kai ka cewa yaro? Kai dai bakinka bai da linzami. Maida ni."

Maharazu ya ruga ya ɗauko kwamfuta. Amma da ya fara bayanin kowane tsohon shafi zai kai mutum kan irin ragon da yake nema, Alhaji ya ɗaga hannu. Baƙo ba ya shiga turken mutum bai gaida mai turke ba. Duk wanda ya biyo tsohon adireshi, ko wane lungu ya nema, a fara kawo shi gaban Alhaji, ya gan shi da idonsa ya tabbata yana nan. In ya so daga baya ya nemi rago.

Aka kira mai hoto. Alhaji ya sa babbar riga fara, ya naɗa rawani, ya riƙe carbi, ya haɗe fuska yadda ya dace da dattijo. Hoton ya cika shafin farko tun daga sama har ƙasa. Maharazu ya ce a rubuta wani abu a ƙarƙashi. Alhaji ya ce ba zai rubuta yana da rai ba kamar mai roƙo, a sa sunansa cikakke, a bi shi da addu'a. Aka rubuta, Alhaji Dabo Mai Rago, Illela, Allah ya sa mu cika da imani.

Abdulaziz na ganin shafin ya kira.

"Mutumina, mene ne wannan? Na ce kowane shafi ga ɗan'uwansa. Mai neman balami ya danna ya ga rawani, Gugul cewa zai yi shafin balamin ya ɓata. Wannan ma bar shi. Ka kalli hoton nan da kyau? Kwanan wata kawai ya rage."

Maharazu ya kalla da kyau. Sak sanarwar rasuwa.

Kafin Magariba waya ta farfaɗo. Ibadan, Fatakwal, Abuja, kowa na cewa dā jita-jita yake ji, yanzu ya ga sanarwa. Shahida ta wuni tana rantsuwa da Turanci cewa Baba na nan lafiya, yanzu ma ya ci tuwo. Wata mata ta ce wane Baba, ta faɗi sunansa ta ji. Shahida ta yi tari. Matar ta ce Allah sarki, kuka ya hana ta magana.

Hajiya Baraka ce ta kashe wutar. Ta sa aka nuna mata hoton a waya, ta daɗe tana kallo, ta tafi har zaure, abin da ba ta saba ba.

"Alhaji, ni da nika ganinka kullum, da nig ga hoton ga sai da hawaye sunka zo min. A cire shi, ka bar wanga shi yi aikinai."

Aka cire. Aka ɗauki wani, Alhaji cikin 'yar shara yana riƙe da ƙahon balami yana dariya. Maharazu ya zauna ya haɗa kowane tsohon shafi da sabonsa, Jaɓɓo ga uda, Attahiru ga balami, bai bari Hajiya ta ji na biyun ba. Ya shiga wurin da masu shafuka ke sanar da Gugul sun yi ƙaura, ya sanar.

Gugul ya ji, amma ba shi da layya a gabansa. Sabon shafin ya taso daga na huɗu zuwa na uku, ya kwana biyu a nan, ya leƙo na biyu. Wasu tsofaffin masu saye da suka tabbata Alhaji na raye suka sayi ɗaya-ɗaya don kunya. Ranar da tirelar ƙarshe ta kudu ta tashi daga Illela, domin duk wadda ta tashi bayanta sai an yi yanka za ta isa, shafin yana ƙasan shafin farko na sakamako, Bashar na sama. A daren aka yi ruwan farko mai ƙarfi, turken baya ya jiƙe, ragunan da ke ciki suka kwana suna kuka.

Ranar Sallah bayan an sauko idi Bashar ya tsallako yin barka, ya kawo cinya guda.

"Alhaji, ashe ana dawowa?"

"Ana dawowa," in ji Alhaji. "Sun ce in gaishe ka, suna jiranka."

Da yamma Alhaji ya kira Maharazu bayan gida. Suka tsaya suna kallon turken baya. Raguna suka ɗago kai suna kallonsu su ma, bakinsu na motsi.

"Ba su tahi duka ba, Injiniya."

"Ba su tafi ba, Baba."

"Na duba, laihin ba naka na kai ɗai ba. Akwai na dillali." Ya nuna turken da hannu. "Ba ni son a ce na yi ma ɗana rowa. Turken naka na, na ba ka. Da abin da ke ciki. Dusa da harawa kuma daga gobe kai ka nema, har Sallah ta baɗi."

Ya juya ya tafi yana gyara hula. Maharazu ya zauna a kan buhun dusa, ya ji babu komai a cikin buhun sai ƙasa-ƙasa. Shahida ta leƙo ta kan katanga ta tambaya ko ta sake yin tallan murya. Ya ce ta yi, ta faɗi adireshin sau biyu.

Abin da aka rasa a wannan ƙaura shi ne raguna goma sha tara da suka ga Sallah da idonsu, buhu talatin da ɗaya na dusa, masu saye bakwai na Ikko da suka koma wurin Bashar, saman Gugul da har yau ba a gama komawa ba, da ƙullin goro ɗaya na ta'aziyya, wanda Malam Maccido ya koma da abinsa Ƙonni.